Idan Saba Ta Mutu a Gungun Ajiya, Ba Ranar Ake Neman Madadinta Ba

Duk mai tallar gungun ajiyar bayanai yana da jimla guda da ke sa shugaban ma'aikata ya sa hannu a takardar kuɗi: ko saba ɗaya ta mutu, ba abin da zai salwanta. Maganar gaskiya ce, sai dai rabinta ake faɗa. Rabin da ake haɗiyewa shi ne, daga lokacin da sabar ta mutu har zuwa ranar da wata ta maye gurbinta ta kuma cika da bayanai, gungun guzurinsa yake ci. Tsawon wannan lokaci kuwa, ko awa shida ne ko wata biyu, an riga an yanke shi tun ranar da aka yi sayayya, injiniyan da abin ya faɗo wa cikin dare gadonsa kawai ya yi. Ra'ayina ke nan, kuma zan kafa shi a kan Ceph, domin ita ce manhajar da ƙananan ma'aikatu da yawa ke cin karo da ita yanzu. Kyauta ce, tana zuwa a cikin Proxmox, kuma tun da Broadcom ya saye VMware a ƙarshen 2023 ya daina sayar da lasisin dindindin, jama'a suka yi ta karkatowa wajenta.

Ga wanda bai san harkar ba, gungun ajiya sabobi ne da dama da aka haɗa da waya suna aiki kamar rumbu ɗaya. Ceph, wadda Sage Weil ya faro a aikin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, tana yanka bayanai gunduwa-gunduwa. Faifan kwamfutar da ke gudana a cikin saba, wato VM, ana yanka shi gunduwa mai megabait 4. A tsarin da aka saba, kowace gunduwa ana yi mata kwafi uku a sabobi uku daban-daban, kuma gungun zai ci gaba da karɓar aiki muddin kwafi biyu suna raye. Kowane faifai yana da ɗan shirin da ke kula da shi, ana kiransa OSD. Akwai kuma masu sa ido, MON, waɗanda ke riƙe da taswirar gungun, ba sa zartar da komai sai da rinjaye. Idan saba ta ɗauke, Ceph na lura cikin daƙiƙu, amma ba ta yin gaggawa. Takan jira daƙiƙa 600, minti goma ke nan, ko da sabar sake tashi kawai take yi. In ba ta dawo ba, sai ta cire faya-fayanta daga lissafi ta fara sake kwafe abin da ke cikinsu zuwa sauran sabobin.

Nan ne matsalar gungu mai saba uku take, kuma shi ne wanda aka fi saya domin shi ne mafi ƙarancin abin da za a kira gungu. Kwafi uku, saba uku, kowane kwafi a sabarsa. Ɗaya ta mutu, ina za a kai kwafi na ukun? Babu wuri. Gungun ba zai warkar da kansa ba, zai zauna da kwafi biyu har sai an kawo sabuwar saba. Masu amfani ba za su ga komai ba, imel na tafiya, manhajar albashi na buɗewa, shi ya sa shugaba ke cewa ai ba sauri. To amma a wannan hali, faifai ɗaya tak ya mutu a cikin biyun da suka rage, wasu gunduwoyi sun koma kwafi ɗaya, Ceph kuma za ta tsayar da aiki a kansu. Tun da faifan kowace VM a warwatse yake a ko'ina cikin gungun, kusan dukkansu za su daskare lokaci guda. Haka ma masu sa ido: uku ne, ɗaya ya tafi da sabar da ta mutu, biyu suka rage, su ne rinjayen daidai wa daida. Ɗaya ya ƙara faɗuwa, gungun gaba ɗaya ya tsaya, ko da bayanan suna nan lafiya lau a faifai.

Saba ta huɗu tana sauya labarin, amma da sharaɗin da ake yawan mantawa: sai in akwai wurin zuba kayan. A yi lissafi. Saba huɗu masu girma ɗaya, kowace ta cika kashi 70 cikin 100. Ɗaya ta mutu, kayanta za su koma kan uku, kowace ta doshi kashi 93. Ceph tana fara gargaɗi a kashi 85, tana daina zuba wa faifai kayan gyara a kashi 90, a kashi 95 kuma ta hana rubutu kwata-kwata. Wato gyaran zai tsaya a tsakiyar hanya. In ana so gungu mai saba huɗu ya rasa ɗaya kuma ya tsaya ƙasa da kashi 85, bai kamata ya wuce kusan kashi 63 ba a ranar lafiya, har ma ƙasa da haka, domin faya-fayai ba sa cika daidai da juna. Wanda ya ga kashi 35 na rumbunsa a buɗe ya ce asara ce, bai san cewa wannan filin shi ne sabar ko-ta-kwanarsa ba.

Sai maganar waya. A ce sabar da ta mutu tana ɗauke da terabait 20. Layi mai gigabit 1 ba ya wuce megabait 125 a daƙiƙa ko da komai ya tafi daidai, wato awa 44 da ɗoriya kafin sabuwar saba ta cika, in ba wanda ke amfani da layin sai ita. A zahiri masu aiki suna kan layin, faya-fayai kuma suna da nasu iyakar, don haka kwana biyun kan zama huɗu ko biyar. A layi mai gigabit 10 lissafin takarda ya koma ƙasa da awa biyar. Ba banza ba Proxmox ke ba da shawarar a ware wa Ceph layi na aƙalla gigabit 10. Wanda ya rage kuɗi a nan, kwanakin haɗari ya saya da rarar.

Akwai kuma zaton da ke kwantar wa mutane hankali, cewa mutuwar saba biyu a mako ɗaya abu ne mai wuyar faruwa. Da a ce kowace saba rayuwarta daban take, haka ne. Amma rana ɗaya aka sayo su, daga dila ɗaya, faya-fayansu tukunya ɗaya suka fito, ɗaki ɗaya suke, janareta ɗaya suke sha. A watan Nuwamban 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗin cewa wasu faya-fayansa na SSD suna da kuskure a manhajar cikinsu da zai kashe su da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, wato shekara uku da kwana 270 da awa takwas, kuma waɗanda aka kunna tare kusan tare za su mutu. Bayan 'yan watanni aka sake samun irin wannan a wasu faya-fayan, su kuma a awa 40,000. Binciken da Google ya fitar a 2007 kan faya-fayai sama da 100,000 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba a ma'aunin lafiyar faifai na SMART. Ga shi kuma aikin gyara shi ne aiki mafi nauyi da tsofaffin faya-fayan za su yi: za a karance su tas, har wuraren da aka yi watanni ba a taɓa ba, kuma a nan ne ɓoyayyen ciwo ke fitowa.

A wajenmu abin ya fi haka tsanani, ba don injiniyoyinmu sun gaza ba. Wanda ke Landan ko Firankfot yana iya sayen yarjejeniyar da za a kawo masa kayan gyara cikin awa huɗu ko washegari. Jami'a ko asibiti ko ƙaramin kamfanin intanet a Kano, Sakkwato ko Maiduguri, hanyarsa daban ce: a rubuta takarda, a jira sa hannu, a nemo farashi daga 'yan kwangila, a biya, a yi odar kaya daga waje, su sauka Legas, a fito da su, a ɗoro su a mota. Kafin watan Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Sabar da aka ƙi saya tare da 'yan uwanta, duk wanda ya je nemanta bayan shekara ya san abin da ya tarar. Ƙara da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da wutar da ke zuwa da ƙarfi ta koma ba sallama. Abin da ya kashe saba ta farko yana nan a ɗakin, yana aiki a kan sauran. Shi ya sa tambayar farko kafin a jona sabuwa ita ce me ya kashe tsohuwar. In soket ne ko inbata, to sabuwar ma layi ta shiga.

Na san amsar akanta: saba ta huɗu kuɗi ne masu yawa, ga albashi, ga dizal. Ba na raina wannan. Amma in kuɗin ba su kai saba huɗu da layi mai gigabit 10 ba, a ganina ba Ceph ya kamata a saya ba. Saba biyu masu ZFS, ɗaya tana aika wa ɗaya kwafi duk bayan minti 15 ko ƙasa da haka, da ajiyar ko-ta-kwana a wani gini daban, sun fi gaskiya ga ƙaramar ma'aikata. An san abin da za a rasa in ta ɓaci, aikin 'yan mintuna ne, kuma mutum ɗaya zai iya fahimtar tsarin daga farko har ƙarshe. Gungu mai saba uku yana da kyau a ɗakin gwaji da wajen koyo, ko inda ake da tabbacin samun madadi cikin kwana ɗaya ko biyu. In an nace sai shi, to aƙalla a ajiye na'urar raba wutar saba, faifan tashi, katin netwok da faifan ajiya biyu a kabad mai makulli, kuma a rubuta a takarda cewa ba na aro ba ne. Kayan ko-ta-kwana a ofisoshinmu ƙafa gare su.

Yanzu a ce abin ya faru. A nan ma ina da saɓani da yadda ake yi, domin abin da ya fi cin bayanai a irin wannan dare hannun mai gyara ne. Labarin GitLab na ranar 31 ga Janairun 2017 ba na Ceph ba ne, rumbun PostgreSQL ne, amma ya dace da nan. Saba ta biyu ta daina karɓar kwafi daga babbar, injiniya yana ƙoƙarin gyarawa cikin dare bayan doguwar rana, ya yi niyyar goge ta biyun domin a sake cika ta, sai ya ba da umarnin a kan babbar. Kafin ya tsayar, kusan gigabait 300 sun tafi. Da aka juya ga hanyoyin ajiyar ko-ta-kwana, aka tarar yawancinsu ba sa aiki, sai wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ya cece su, aikin awa shidan kuwa ya tafi. Babbar sabar ba ta yi ciwon komai ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Don haka mataki na farko shi ne a kalli gungun a ƙyale shi. Umarnin `ceph -s` da `ceph osd tree` ba sa ɓata komai, kuma za su faɗa maka wace saba ce ta tafi da kwafi nawa suka rage. Sannan a je a duba me ya mutu a cikin sabar. Sau da yawa faya-fayan ajiyar lafiyarsu ƙalau, babban allon kwamfutar ne ya ƙone ko faifan tashi. In haka ne, ba dalilin kwafe terabait 20 ta waya. A zare faya-fayan a sa a sabon gida, a tayar da su da `ceph-volume lvm activate`, gungun zai gane su ya cike musu abin da ya canza a bayansu. Wanda ya yi saurin goge su da `zap` domin ya fara da tsafta, kwafi na uku mai rai ya kashe da hannunsa.

Sai shawarar da ta fi kowace raba kan ma'aikata, wato tutar `noout`, wadda ke hana Ceph cire faya-fayan da suka ɗauke daga lissafi. Amfaninta a fili yake: in sabar za ta dawo bayan awa ɗaya, ba dalilin kwashe kaya zuwa wani wuri a sake dawo da su. Amma caca ce, ka zaɓi zama da kwafi biyu da gangan. Ni dai ma'aunina shi ne, in madadin yana cikin ginin, a sa tutar. In yana kan hanya, ko yana cikin takardar da ba a sa wa hannu ba, kar a sa, a bar gungun ya warke in yana da wurin warkewa. "Gobe zai iso" ba lokaci ba ne da za a jingina bayanan mutane a kansa. Kuma duk wanda ya sa tutar ya rubuta sunansa da lokacin da zai cire ta, domin gungun da aka bari da `noout` wata da watanni ba zai kula da kansa ba ranar da wani faifan ya mutu.

Jarabar da ta fi wannan muni tana zuwa ne lokacin da aiki ya tsaya, waya tana ta ƙara, oga yana tsaye a bakin ƙofa. Layi ɗaya za a rubuta, a mai da `min_size` daga 2 zuwa 1, nan take komai ya tashi. Abin da hakan ke nufi shi ne gungun zai karɓi sabon rubutu a kan faifai ɗaya tilo ya ce ya adana. Faifan nan ya faɗi, abin da aka rubuta ya tafi, kuma kwafin da suka dawo daga baya tsofaffi ne. Akwai halin da ƙwararre zai yi hakan na 'yan mintuna, idonsa a kai, bayan ya tabbatar da ajiyar ko-ta-kwana. Bai kamata ƙaramin ma'aikaci ya yanke wannan shawara shi kaɗai da ƙarfe biyun dare ba, kuma shugaban da ya matsa masa ya sani cewa shi ya zaɓa.

Wajen shigar da sabuwar, mai sa ido ake fara mayarwa. In akwai wata saba a gungun da ba ta da MON, a kafa shi a kanta tun daren farko, ba sai an jira kaya ba, domin aiki ne na mintuna kuma shi ke tsare rinjaye. Sabuwar saba ta zo da sigar Ceph irin ta sauran. Ranar gyara ba ranar sabunta manhaja ba ce, duk da cewa hannu na ƙaiƙayi. A duba agogo, domin masu sa ido suna fara ƙorafi in bambancinsu ya wuce kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa. A duba girman ƙunshin da katin netwok ke aikawa: in sauran suna kan 9000 sabuwar tana kan 1500, za ka ga kamar komai ya haɗu, ƙananan saƙonni suna wucewa, manyan suna maƙalewa, ka kwana kana zargin faifai. Akwai kuma bambanci tsakanin `destroy` da `purge`. Na farko yana barin lambar OSD da gurbinsa a taswira domin sabon faifai ya gaje shi, na biyu yana shafe shi gaba ɗaya, taswira ta canza, kaya su sake motsi. Kafin kowanne, `ceph osd safe-to-destroy` zai faɗa maka ko gungun yana da buƙatar faifan har yanzu. In ya ce a'a, to a'a ɗin ce.

Saurin cikawa ma shawara ce ta ma'aikata, ba ta injiniya kaɗai ba. Sigogin Ceph na baya-bayan nan suna da tsarin rabon aiki mai suna mClock, wanda za a iya karkata shi ya fifita masu amfani, ko ya fifita gyara, ko ya raba daidai. Yawancin mutane sukan fifita masu amfani domin kar a yi ƙorafin nauyi. Ni na fi son a sanar da jama'a cewa yau da gobe abubuwa za su yi nauyi, a sakar wa gyara mara da dare da ƙarshen mako. Ƙorafin kwana biyu ana mantawa da shi.

Duk wannan ba a koyonsa daga karatu kaɗai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Gungun da ba a taɓa zare wa saba da gangan ba, ba wanda ya san halinsa. Kafin a ɗora masa aikin gaske, a zuba masa bayanan gwaji, a zare wayar wutar saba ɗaya da rana tsaka, a kunna agogo. Minti nawa VM suka yi kafin su tashi a wata sabar? Awa nawa gyara ya ci? Faifan da ya fi cika ya kai kashi nawa? A sa wanda bai gina gungun ba ya bi takardar matakan shi kaɗai, domin mai ginin yana iya kasancewa a Saudiyya ko ya canza aiki ranar da za a neme shi. Lambobin da aka samu su ne hujjar da za a kai wa akanta, sun fi kowane bayani shiga kunne. A kuma gwada dawo da VM guda daga ajiyar ko-ta-kwana, domin kwafi uku ba sa hana komai in an goge fayil bisa kuskure ko manhajar 'yan garkuwa da bayanai ta shiga. Sau uku za a kwafe ɓarnar, cikin biyayya.

Saura tsohuwar sabar. Proxmox yana gargaɗi ƙarara cewa sabar da aka cire daga gungu da `pvecm delnode` kar ta sake tashi a kan netwok ɗin da tsohon saitinta, domin tana iya rikita gungun. Abin kan faru ne bayan makonni, wani ya gyara mata wuta ya ce bari ya gani ko ta tashi. A zare mata wayoyin netwok, a manna mata takarda. Faya-fayanta kuma, ko sun mutu a idon Ceph, suna ɗauke da gunduwoyin bayanan marasa lafiya ko ɗalibai ko masu ajiya, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ba ta sauke wa ma'aikata nauyinsu don faifai ya tsufa ba. Wanda ke karɓar umarni a goge shi tas. Wanda ba ya karɓa a huda shi ko a farfasa shi kafin ya bar ginin, a rubuta lambarsa a littafi, kar ya bi kayan gwanjo zuwa kasuwa.